Hawainiyar Bara'u

Ni dai a duniya babu halittar da na tsana irin hawainiya. Tun muna yara a Gwale, in muka hango ta a kan reshe sai mu kwasa a guje muna ihu, don an ce mana in ta tofa wa mutum yawu fatarsa za ta yi dabbare-dabbare. Na girma, na yi karatun haɗa magunguna, na zo Birmingham na yi shekara ashirin da shida ina miƙa wa Turawa ƙwayoyi a wani kanti a Bristol Road, amma ko a talabijin na gan ta sai tsigar jikina ta tashi. To wai ni Batulu ce na ƙare da renon hawainiya a cikin gidana. Ikon Allah ke nan.

Ɗana ne ya jawo min. Bara'u, ɗan farina, shekararsa ashirin da uku, yana karatun injiniya a Manchester. Wata Talata da hantsi aka kira ni daga wani asibiti a can, aka ce an kwantar da shi a sashen masu ciwon damuwa. Ya yi sati biyu bai leƙa waje ba, ya daina cin abinci, daga ƙarshe shi da kansa ya kira motar asibiti ya ce yana tsoron abin da zai yi wa kansa. Maigidana Dokta Sunusi yana ɗakin tiyata a lokacin, ban jira shi ba, na yafa mayafi na hau jirgin ƙasa.

Na same shi zaune a bakin gado, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Na ce, "Ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Shi ke nan, muka zauna muna kallon bango. Na buɗe masa kular abincin da na zo da ita, ko kallonta bai yi ba. Sai da na miƙe zan tafi ya yi magana, kansa a ƙasa.

"Mama, akwai hawainiya a ɗakina. Yau kwana huɗu ba ta sha ruwa ba."

Na ce, "Akwai me?"

"Tawa ce. Don Allah ki ɗauke ta. Kar ki bari ta mutu."

Gara in faɗi gaskiya a nan. Ni da yaron nan ba mu saba hira ba. Ɗan fari ne, ni kuma renon Kano ce, a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan shi a jiki. Da kunyata na zo har Ingila. Ƙanwarsa Fauziyya ta hau cinyata har ta shiga sakandare, shi kuwa "kai" nake ce masa. Shi da ya tashi yana ganin iyayen 'yan ajinsu suna rungume 'ya'yansu a ƙofar makaranta, sai ya ɗauka ban damu da shi ba ne. Tun da ya mallaki hankalinsa bai taɓa roƙona komai ba, wannan ne na farko.

A bakin ƙofa ma'aikaciyar jinyar ta tare ni da mukullin ɗakinsa. Ta ce tun da aka kawo shi babu maganar da yake yi sai ta dabbar nan. Ta ce a sati biyun da ya daina komai, tashi ba ta ruwa ne kaɗai bai daina ba, kuma ya gaya musu tunanin wanda zai kula da ita ne ya sa ya ɗauki waya ya kira taimako. Ta dube ni ta ce, "Yana buƙatar abin da zai koma wa." Na karɓi mukullin.

Ɗakin nasa yana hawa na uku a wani dogon gini a Hulme. Innalillahi, abin da na gani! Labule a rufe, kwanuka sun yi fumfuna, kaya a zube ko'ina, wari kamar an rufe kasuwar kifi. Amma a kusurwa ga wani keji da ya haɗa da kansa da katako da raga, tun daga ƙasa har kusa da rufi, fes da shi. Yaron da ya kasa wanke cokali yana goge ganye ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya na yi kuka mai isata, sannan na hango ta a can sama, ta maƙale a reshe, ido ɗaya yana kallona ɗaya yana kallon ƙofa. A'uzubillahi.

Kejin ba zai fita ta ƙofa ba. Na samo kwali, na shimfiɗa tawul, na sa sandar mofa na karyo reshen da take kai, na zura har ita har reshen a ciki. Haka na dawo Birmingham da kwali a kan cinya, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Wata tsohuwar Baturiya da ke kusa da ni ta tambaye ni ko kyanwa ce, na ce mata eh.

A gida na yi abin da hankalina ya ba ni. Na ciro tsohon akwatin gilashin da Fauziyya ta taɓa kiwon kifi a ciki, na juye hawainiyar a ciki, na ajiye mata ruwa a kwano da ganyen latas, na tura akwatin jikin hitar ɗumama ɗaki don na ga ƙasar nan da sanyi. Da safe na tarar ta yi baƙi ƙirin, tana ta karce gilashi, ruwan ko taɓa shi ba ta yi ba. Na ɗauki hotonta, na nemi kantin da ake sayar da irin waɗannan dabbobi a Selly Oak.

Mai kantin wata mata ce, Zoe, da zobe a hanci da zane har wuya. Tana ganin hoton ta dafe kai. Ta fara yi min faɗa, ni da na kusa haifar ta! Wai gilashi yana kashe su, sai keji na raga mai tsayi wanda iska ke ratsawa. Wai ba sa shan ruwa a kwano, ba su ma san ruwa ba ne in yana kwance, sai dai su lashi ɗigo a jikin ganye. Wai ba a ɗaukar su, ba a yawan kallonsu, ba sa son mutane. Na ce a raina, to ai mun yi daidai, ni ma ba na son ta. Raina ya ɓaci sosai, na kusa juyawa in fita, sai na tuna wuyan yaron nan. Na haɗiye, na ciro biro na ce ta maimaita a hankali.

Ta ce irin wannan asalinsu daga Yaman ne. Na ce tabɗi, ashe ma Balarabiya ce. Zoe ta haɗa min keji mai tsayi har kafaɗata, da fitilu biyu, ɗaya ta ɗumi ɗaya mai maye gurbin hasken rana don ƙashin hawainiyar kar ya lanƙwashe, da agogon da ke kunna su yana kashewa, da rassa, da shuke-shuke uku a tukwane, da faranti na tarar ruwa a ƙasa, da gorar feshi, da garin kalsiyam. Sannan ta miƙo min wata 'yar roba, na leƙa, sai ga fara tana tsalle. Farar da muke ci da yaji a Kano, ita zan riƙa kiwo ina ba ta karas don in ciyar da ƙadangaruwa. Ta ba ni takarda mai ɗauke da dokoki, a ciki har da cewa kar a fesa maganin ƙwari ko turaren gwangwani kusa da ita. Na ce wannan ba damuwata ba ce, ni ba na amfani da gwangwanayen nan nasu.

A ɗakin Bara'u na gidanmu na kafa kejin, a sama, kusa da taga. Wuni guda na yi ina fama da sukurori, na ɗaure rassan a gicciye yadda za ta hau ta sauka, mafi tsayi a ƙarƙashin fitilar ɗumi amma ba kusa sosai ba don kar ta ƙone. Dokta ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa.

"Hajiya, lafiyarki kuwa? A kai abin nan gidan zoo mana."

Na ce, "Dokta, ɗanka ne ya ba ni amana. In ba za ka riƙe min wannan ƙarfen ba, ka sauka abincinka yana kan tebur."

Ya ajiye jakar ya riƙe ƙarfen. Da muka sa hawainiyar a ciki, ta ɗauki kusan rabin awa kafin ta kai reshen sama. Na fesa wa ganyayen ruwa na koma bayan ƙofa na laɓe. Can sai na ga ta buɗe baki tana lasar ɗigon da ke gangarowa, a hankali baƙin ya fara washewa, kore ya fito. Wallahi sai da na ce alhamdulillahi da ƙarfi.

Daga nan rayuwata ta koma ta agogo. Bakwai na safe fitilu su kama, in fesa ruwa mai ɗumi-ɗumi minti biyu. In zuba fara a leda da garin kalsiyam in girgiza kamar ina yi musu yaji, in saki a keji. In zubar da ruwan faranti, in duba ma'aunin zafi, in tafi aiki. Da yamma in sake fesawa da wuri don ganye ya bushe kafin fitilu su mutu. Biki ko suna ya kama a Leicester, in ce ba zan kwana ba. Ƙawayena suka yi ta tsiya, wai Batulu ta yi 'yar auta da tsufa.

Ƙarfe huɗu na yamma ake ba Bara'u waya a asibiti. Ranar farko tambaya uku ya yi: wane launi take, ta ci, ta sha? Na amsa, ya kashe. Rana ta biyu haka. A sati na biyu na tambaye shi sunanta, tunda na gaji da cewa "abar nan". Ya ce Gwaggo. Wai tafiyarta irin ta gwaggonsa Sherifatu ce in za ta tsallaka tsakar gida bayan ruwan sama, ta ɗaga ƙafa, ta yi gaba, ta fasa, ta yi baya. Na leƙa kejin, sai ga ta tana yin hakan daidai. Dariya ta ƙwace min, sai na ji shi ma yana yi a can, 'yar gajeriya. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Wata rana na tarar fatarta duk ta yi fari tana ɓarewa kamar ta albasa. Hankalina ya tashi, na ƙagu huɗu ta yi. Yana kira na fara kuka ina ba shi haƙuri. Ya ce, "Mama, calm down, saɓa take yi. Kar ki ja mata, ki ƙara ruwa kawai." Ya yi ta yi min bayani a natse kamar malami, har ma'aikaciya ta zo ta karɓi wayar. Daga ranar hirar tamu ta fara tsawo. Mu fara da Gwaggo, sai mu zarce zuwa abincin asibiti, zuwa karatun da ya ce tun shekarar farko ba ya so amma ya ji tsoron gaya wa babansa. Ni kuma in zauna a bakin gadonsa ina kallon keji ina saurare. Ba zan ce na so ta ba, har lokacin ban taɓa ta da hannuna ba. Amma na san ita ce ta riƙe min ɗana, kuma na san ta dalilinta yake min magana.

Sati bakwai muka yi a haka. Ran wata Litinin likitansa ya ce za su ba shi hutun ƙarshen mako ya zo gida a gwada. Dokta zai je da mota ran Juma'a ya ɗauko shi. A waya yaron ya ce, "Mama, na ƙagu in gan ta." Na ce za ka same ta ta yi ƙiba.

To, wace uwa ce ɗanta zai dawo daga jinya ta bar gida haka? Ran Laraba na ɗauki hutu na fara gyara. Na wanke labule, na canza zannuwan gado, na goge ko'ina. Da na shiga ɗakinsa da hancin baƙo, sai na ji abin da na saba da shi har na daina ji: warin fara da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ce haba, yaron da ya yi sati bakwai yana shaƙar warin asibiti ba zai zo ya kwana a cikin wannan ba.

Ina da wata kwalbar turaren wuta da yayata ta aiko min daga Maiduguri, haɗi na musamman, na ɓoye ta don bikin Fauziyya. Ita na fasa. Na hura gawayi a kasko, na hau kujera na cire batirin na'urar hayaƙin da ke rufi, kamar yadda kowace Bahaushiya a ƙasar nan take yi. Na rufe tagogi, na ajiye kaskon a tsakiyar ɗakin, na zuba turare da hannu sake, na ja ƙofa, na tura tawul a ƙasanta don kar hayaƙin ya tsere. Haka uwata ta koya min, sai an kulle ɗaki ƙamshi yake kama labule da katifa. Na yi ran Laraba, na yi sau biyu ran Alhamis, na ƙara ran Juma'a da safe. Ɗakinsa ne ya samu kaso mafi yawa. Na karanta takardar Zoe ta fi sau ashirin, amma wallahi ko sau ɗaya tunanina bai kawo min cewa turaren wuta yana cikin abin da ake nufi ba. Ni a wurina turare tsafta ce, da shi aka rene ni, da shi na reni 'ya'yana.

Ran Alhamis da yamma na ga Gwaggo ta ɗaga kai sama, baki a buɗe, farar da na zuba da safe tana yawo a keji ba ta taɓa ba. Na ce ƙila zafi ne, na ɗan ɗaga fitilar sama. Ƙullun waina yana jirana a kicin, ga miyar taushe, ga naman da zan soya. Na fesa ruwa na sauka.

Ran Juma'a Dokta ya kama hanya da hantsi. Bayan na yi sallar azahar na hau sama in ɗauke kasko in buɗe ɗaki. Hayaƙi ya yi shuɗi a ciki, ni kaina sai da na yi tari. Na duba reshen sama, ba ta nan. Na duba na tsakiya. Tana ƙasa a cikin farantin ruwa, kwance a gefe ɗaya, baƙa, baki a hangame da wata kumfa mai yauƙi, haƙarƙarinta yana ɗagawa da ƙyar.

Na kira Zoe ina ihu. Ta yi ta jero tambayoyi: fitila ta mutu, ta faɗo, na canza abinci? A'a, a'a, a'a. Sai ta ce, "Akwai hayaƙi a gidan? Kyandir, sigari, wani abu?" Idona ya sauka a kan kaskon da ke hannuna. Da ƙyar na gaya mata abin da na yi, da kwana nawa, da tawul ɗin ƙasan ƙofa. Wannan karon ba ta yi min faɗa ba, kuma shi ya fi min ciwo. Ta ce huhunsu ba ya ɗaukar hayaƙi ko kaɗan, in fitar da ita yanzu, ta ba ni adireshin wani likitan dabbobi.

Na zura hannu na ɗauke ta, hannuna tsirara, ko tunanin tsoro ban yi ba. Ashe ba ta da nauyi ko kaɗan, fatarta a bushe, da ɗan laushi. Ta kama ɗan yatsana da ƙafarta ta riƙe. Na ɗora ta a kan tawul a cinyata, na tuƙa da hannu ɗaya, ina cewa, "Gwaggo, don Allah, don Annabi, ki yi haƙuri, saura kaɗan." A danjar da ke kusa da jami'a na ji riƙon ya saki. Na dai ƙarasa wurin likitan. Ya sa abin aunawa a ƙirjinta, ya girgiza kai, ya yi min ta'aziyya.

A cikin mota na zauna ina tunanin banza. Na sake kiran Zoe na ce ko tana da wata mai kama da ita, in zo in ɗauka yanzu. Ta ce, "Kin ce shekara uku yana tare da ita. Kallo ɗaya zai yi ya gane, kuma daga nan ba zai ƙara yarda da ke ba." Gaskiya ta faɗa, na ji haushinta duk da haka. Na ɗauki waya zan kira Dokta, sai na tuna in yana tuƙi a lasifika yake amsawa, yaron yana zaune a gefensa. Na ajiye. Saƙo ya shigo daga Bara'u: sun wuce Stafford.

Na koma gida na wangale tagogi duka, na kunna fanka, na yi ta kaɗa tawul a ɗakin kamar mahaukaciya. A banza. Turaren Maiduguri ne, in ya kama sai ya yi sati. Na wanke farantin, na shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasan kejin, na kwantar da ita a kai. Na tsara maganar da zan faɗa masa ta fi sau goma, kowacce na gwada a bakina sai in ji ba ta faɗuwa. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba, don na san abin da ma'aikaciyar nan ta gaya min, kuma na san da hannuna na yi.

La'asar ta ɗan gota na ji tsayuwar mota. Na buɗe ƙofa. Ya fito, ya ɗan yi kumari, an yi masa aski. Dokta ya tsaya gyara fakin. Yaron ya shigo ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa da muryar da ba tawa ba. Da ya miƙe sai ya tsaya cak a tsakiyar falo, ya rufe ido, ya ja numfashi mai tsawo har ƙirjinsa ya cika.

"Kai, Mama," ya ce. "Ƙamshin nan. Kullum a asibiti shi nake tunawa. Saboda ni kika yi?"

Na ɗaga masa kai.

Ya yi murmushi har haƙoransa suka fito. "Na gode, Mama. Na gode da komai. Bari in gan ta tukuna, sai in zo in ci wainar."

Ya miƙo min jakarsa, ya nufi bene yana haɗa matakala bibbiyu. Ina tsaye a ƙasa rungume da jakar na ji ya murɗa hannun ƙofar.